Kulawar Ubangiji ta Hanyar Sababai: Nazari a kan Littafin Esta

Daga cikin mas'alolin da malaman Kirista suka daɗe suna tattaunawa akwai wadda Larabawansu ke kira al-inaya al-ilahiyya, wato kulawar Allah da bayinsa da tafiyar da al'amuransu. Ɗalibi kan zaci cewa nassosinsu ba su san wata kariya ba face ta mu'ujiza, irin tsagewar teku ga Annabi Musa (AS). Littafin Esta, da ke cikin Tsohon Alkawari, yana gyara wannan zato.

Littafin babi 10 ne, kuma ƙissarsa ta gudana a Shushan, fadar Sarki Ahasurus na Farisa, wanda akasarin masana ke ganin shi ne ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin Miladiyya. A nassinsa na Ibrananci ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba; babu annabi, babu wahayi, babu abin da ya keta al'ada.

To, ta ina tsira ta zo? Sarki ya tuɓe sarauniya Bashti saboda ta ƙi amsa kiransa, sai Esta, marainiya Bayahudiya, ta maye gurbinta. Mordekai, wanda ya rene ta, ya sami labarin makircin wasu bābānni biyu na hallaka sarki, ya tona; aka rubuta a kundin fada, ba a saka masa ba. Daga baya waziri Haman ya ƙudurta kawar da Yahudawan daular, ya jefa ƙuri'a a watan farko, ta faɗa kan wata na 12, aka sami jinkiri mai tsawo. A daren da ya shirya neman izinin rataye Mordekai, barci ya ƙaurace wa sarki, ya sa a karanta masa kundin, aka zo kan alherin da aka manta. Daga nan reshe ya juye da mujiya, har aka rataye Haman a gungumen da ya kafa wa waninsa.

Malaman Kirista na cewa kowane ɗaya daga waɗannan abu ne na yau da kullum, amma jeruwarsu a kan lokaci ita ce shaidar Mai tsarawa. Kundin aƙida na Westminista, na 1646, ya bayyana cewa a bisa al'ada Allah yana aiki ta hanyar sababai, ba tare da sun ɗaure Shi ba. Sababin bai kawar da himma ba: Esta ta yi azumin kwana uku, sannan ta shiga gaban sarki ba da kira ba, alhali hukuncin hakan kisa ne.

Shirun nassin ya bar tarihi. Fassarar Girkanci ta zo da ƙari guda shida, ciki har da addu'o'in da ke ambaton Allah ƙarara. Katolika da Otodoks sun karɓe su, Furotesta ba su lissafa su cikin nassi ba.

Ga mai nazari Musulmi, a kula da abu biyu. Na farko, wannan Haman na Farisa ne, Alƙur'ani kuwa ya ambaci Hamana tare da Fir'auna. Na biyu, Suratu Yusuf ma ta nuna tsira ta hanyar rijiya da ayari da kurkuku, sai dai ita tana jingina tsarin ga Allah a fili. Wanda ya san wannan bambanci zai tattauna da ma'abota Littafi da ilimi da adalci. Allah ne Mafi sani.