Iyaye a Birni, Yara a Hannun Kakanni: Karatun Yara a Ƙasar Sin

A wannan fitowa za mu duba yadda iyalai a ƙasar Sin suke raba nauyin karatun yaransu.

Daga 1980 zuwa 2015 gwamnatin ƙasar ta hana yawancin ma'aurata, musamman na birane, haihuwar fiye da ɗa ɗaya. Shi ya sa za ka tarar da gida mai kakanni 4, iyaye 2, da yaro 1 tak. Manya shida ke nan suka zuba ido a kan yaro guda.

Shekaru 9 na farko na makaranta dole ne, kuma tun 2007 aka daina karɓar kuɗin makaranta na waɗannan shekaru a ƙauyukan ƙasar. To, ina kuɗin yake tafiya? Babbar sakandare ana biya. Ga abinci, ga ɗakin kwana, ga malaman ƙarin darasi. Duk wannan domin jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao, wadda ake yi kowane watan Yuni. A 2024 ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistarta.

A karkara ga yadda ake yi. Uba da uwa sukan tafi ci-rani masana'antun birni, su riƙa aiko da kuɗi. Tafiya da yaron tana da wuya, domin takardar rajistar gida, wato hukou, ta ɗaure shi da makarantun yankinsu. Sai a bar shi wurin kaka. A 2016 gwamnati ta ƙirga irin waɗannan yara kimanin miliyan 9, kuma kusan 9 cikin kowane 10 suna hannun kakanni.

Abin da kaka take bayarwa ba ya shiga lissafin kuɗi. Ita ce mai dafa abinci, ita ce mai raka yaro makaranta, ita ce mai jinya. Wata ma takan bar gonarta ta kama hayar ɗaki a gari kusa da makaranta. Amma kaka da yawa ba su yi karatu mai zurfi ba, ba za su iya duba aikin gida ba. Iyayen kuwa sau da yawa sai bikin sabuwar shekara yaron yake ganinsu.

A 2021 gwamnati ta hana kamfanoni neman riba da ƙarin darasi a manyan darussa, domin a rage wa iyaye nauyi. Masu hali sai suka koma ɗaukar malami a ɓoye, da tsada fiye da dā. Jikan kakar ƙauye ba ya cikinsu.