Man Kanumfari a Kan Hanyar Jatan Lande

A Qianjiang da ke lardin Hubei na ƙasar Sin, fadama guda ce ke ba manomi shinkafa da jan jatan lande mai hannayen kaguwa. Asalin wannan halitta kudancin Amurka ne, musamman jihar Luwiziyana. Ta Japan ta shiga Sin wajen 1930, yau kuma Sin na girbe fiye da tan miliyan biyu a shekara. Mai saye ba ya son mushe, don haka da rai ake loda su a kwanduna zuwa manyan birane.

A hanyar ne wahala take. Da zarar an tsamo jatan lande daga ruwa aka cunkusa shi cikin 'yan uwansa, wata ƙwaya da ke sandar idonsa kan saki sinadarin da ke tura sukari cikin jininsa, jinin da tagullar da ke cikinsa ke sa shi yin shuɗi-shuɗi. Ga shi yana ta mutsu-mutsu, ga iskar oksijin ta yi kaɗan. Sai tsoka ta koma ƙona abinci babu isasshiyar iska, tsami ya taru a jiki, amoniyar da ya saba zubarwa a ruwa ta rasa mafita. Raunana daga cikinsu ba sa kai wa kasuwa.

Shi ya sa masana ke gwada maganin sa barci. Wanda ya fi shahara shi ne man kanumfari, kanumfarin nan da ake dannawa a haƙori mai ciwo. Idan aka ɗiga shi daidai gwargwado a ruwa, jatan lande kan daina ɗaga hannu, ya kwanta a gefe, numfashinsa ya lafa, buƙatar iska da fitar da amoniya su ragu. In aka zarce ƙima, farfaɗowa kan yi jinkiri, wani ma ba ya tashi. Maganin MS-222 da ke kwantar da kifi cikin sauƙi ba ya cin jatan lande sosai, kuma a Amurka sai an jira kwana 21 kafin a ci kifin da aka ba shi. Man kanumfari kuwa hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ba ta amince a yi amfani da shi ga kifin ci ba.

Batun ya wuce na riba. A 2014 masu bincike a Bordeaux ta Faransa sun nuna cewa jatan landen da aka razana kan guje wa haske, kuma maganin rage fargaba na ɗan Adam kan dawo masa da kuzari. Suwizalan ta hana jefa danginsa da rai cikin tafasasshen ruwa a 2018, Birtaniya kuma ta sa su cikin dokar dabbobi masu jin zafi a 2022. Saboda haka masu gwaji yanzu ba sa tsayawa ga ganin ya daina motsi: suna auna bugun zuciyarsa, sukarin jininsa da aikin jijiyoyinsa, don tantance ko barci ya yi ko kuwa ƙarfin motsi kawai ya rasa.