KIYESHE: HANYA ƊAYA, MOTA DA KEKE

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ita ce hanyar da mutanen Kiyeshe ke hawa in za su kasuwa ko likita. Manyan motoci na bin ta dare da rana. Ƴan lakwal da manoma kuma na bin ta bisa keke. Nan ne gardama take.

Direbobi na kuka da masu keke. Sun ce mutum ya kan ɗaura buhun hatsi ko itace a gicciye, ya hau tsakiyar kwalta. Wani ya kan juya ba tare da ya miƙa hannu ba. Da magariba kuwa keke ba fitila, sai an zo dab da shi a gan shi.

Masu keke su ma da nasu kukan. Ba a ware musu wurin bi ba. In babbar mota ta danna oda, sai su faɗa gefe, ga rairayi, ga kaya. In ta wuce kusa, iskarta kaɗai ta isa ta kada mutum.

Kowa da gaskiyarsa, amma ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafar direba ta kai ga birki, ta yi nisa. In ta sha lodi, tsayawarta ta fi wuya. Ranar karo kuwa, mota lotsewa take, mai keke shi ke rasa ƙafa ko rai, iyalinsa su rasa mai noma.

Doka ta ba su hanya su biyu. A Nijar hannun dama ake bi. Mai keke ya riƙe gefen dama, ya gyara birki, ya sa fitila gaba da abin ƙyalli baya, ya waiwaya kafin ya tsallaka. Direba ya rage gudu in ya shigo gari, ya bar fili mai yawa in zai wuce keke. In wata mota na tafe gabansa, ya dakata. Oda gargaɗi ce, ba ta share hanya.

Iyaye da malaman lakwal su koya wa yara wannan tun kafin su hau kwalta. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.