Abin da ya kamata ku sani kan tokare ramin haƙar zinariya

Da an kwashe albasa a Aliero, aikin rani ya yi sauƙi a fadamun Jega da Maiyama, akwai samarin da kan nausa kudu wajen Yawuri da Fakai, ko su tsallaka Zamfara da Neja, neman zinariya. A nan gida ƙasarmu rairayi ce da yumɓu da marmara. Can kuwa dutse ne mai tauri, shi ya sa baƙon rami ke ɗauka ba abin da zai same shi.

Bango da rufin rami na kashe mutum ta hanya biyu. Ta farko ita ce ruftawa: ƙasa ko dutsen da ya saki ya zubo saboda nauyinsa. Ita muka sani. Ita ta ci aƙalla mutum 18 a Garin Liman kusa da Ɗan Isa, jihar Maraɗi, a Nuwamban 2021, ita ce kuma ta binne mahaƙa a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a Yunin 2024, bayan ruwan sama mai yawa.

Ta biyu sai a rami mai zurfin gaske, irin Mponeng a Afirka ta Kudu, wanda ya kai wajen kilomita 4 a ƙarƙashin ƙasa. A zurfin kilomita 3, kowace murabba'in mita tana ɗauke da nauyin kusan tan 8,000. In aka huda dutse a wurin, nauyin da ke kan abin da aka cire sai ya koma kan bangon ramin. Dutse mai tauri ba ya lotsawa a hankali. Yana nan shiru, sai kawai ya fashe da ƙara, ya yi jifa da ɓaraguzai. Ramukan Kolar a Indiya sun sha fama da wannan kafin a rufe su a 2001.

Injiniyoyi sun gano cewa ƙarfin tokari kaɗai ba ya magani. Busasshen icce ya fi ɗanye tauri, amma shi ke karyewa farat ɗaya, ɗanyen kuwa lanƙwasa yake yi. Saboda haka suke huda bango, su cusa dogayen rodi na musamman masu miƙewa ko zamewa kaɗan in dutse ya motsa, ba tare da sun tsinke ba. A kan rodin a ɗaura faranti, a shimfiɗa ragar ƙarfe, a fesa kankare. Dole kayan nan su yi aiki tare: in ragar ta yage a bakin faranti, rodin na nan daram amma dutsen ya riga ya sauko kan mutane. Injiniyoyin suna kuma cike wuraren da aka gama haƙa, su bar ginshiƙan dutse, su kafa na'urorin sauraron motsin ƙasa.

Ramukanmu ba su kai zurfin da dutse zai fashe haka ba, kuma ba mai kuɗin rodi da kankare. Amma maganar ginshiƙi ta shafe mu kai tsaye. In aka bi jijiyar zinariya aka yi kwana a ƙasa, ana barin wani sashe ya riƙe rufin. To, zinariyar na cikin ginshiƙin nan ma, kuma ran da samu ya ja baya, shi ake fara sara. A ganina wannan kwaɗayin ya fi rashin kayan aiki haɗari. Haka tara ƙasar da aka fitar a bakin rami, da haƙa rami gab da wani har su haɗe ta ƙasa, da komawa ciki washegarin ruwa.

Icce kuwa, in za a tokara da shi, a sa mai kauri, a kafa shi tun ana haƙa, ba sai rufi ya tsage ba. Yana da wani amfani: yakan yi ƙara kafin ya karye. In an ji ta, ko aka ga tsakuwa na zubowa, ko aka ƙwanƙwasa rufi da guduma ya amsa kamar da kogo a ciki, a fito, a bar buhun. Masu ɗorin Aliero sun yi suna har ƙetare, amma mai rai ake kai musu.

Masu ginar rijiya ma su lura. A rairayin fadama, a riƙa saukar da zoben siminti ana haƙa, kada a bari sai an cim ma ruwa.