Ƙarin Fitila a Motar Daji: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Tun da mutane suka fara komawa gidajensu a Khartum bayan sojoji sun karɓe birnin a watan Maris na 2025, sana'ar gyaran wutar mota ta samu kasuwa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya bar motoci da yawa a yashe, waɗansu an kwashe musu batir da fitilu, waɗansu kuma an zare musu wayoyi saboda jan ƙarfen da ke ciki. A nan Alsahafa, kusa da Suk Markazi da tashar Mina Barri, mukan ga 'yan'uwanmu masu boksi da Land Cruiser suna ta ɗora wa motocinsu manyan fitilun nan da ake kira kashshafa. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ke kai kaya Mai Wurno ko Damazin, ko gonakin Gadarif, ko wuraren haƙar zinariya na wajen Abu Hamad, ya san yadda raƙumi ko rami ke fito wa direba cikin duhu ba sallama. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake haɗa waɗannan fitilu, domin a nan ne ake yin ɓarna.

Bari mu fara da ɗan lissafi irin wanda muke koya wa yara a aji. Ƙananan motoci suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12. A jikin kowace fitila kuma an rubuta yawan wat ɗinta. Idan aka raba wat da bolt, sai a sami amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Alal misali, fitilu biyu masu wat 100 kowace sun zama wat 200 ke nan. A raba da 12, an sami kusan amfiya 17. Su kuwa fitilun gaba da mota ta zo da su daga kamfani, galibi wat 60 ne kowace idan an kunna doguwar fitila, wato biyun ba su wuce amfiya 10 ba. Saboda haka duk wanda ya feɗe wayar fitilar gaba ya ɗaura kashshafa a kanta, ya ɗora wa wayar kusan ninki uku na kayan da aka yi ta dominsu. Jakin da aka labta wa kayan raƙumi durƙushewa yake yi, ita kuwa waya zafi take ɗauka har robarta ta narke. Fitilun zamani na LED ba su kai haka ci ba, amma doguwar sandar nan mai wat 120 ita ma amfiya 10 take ja. A kuma tuna cewa manyan motoci da waɗansu tsofaffin Land Cruiser na dizal bolt 24 gare su, don haka a duba kafin a sayi fitila.

Maganin wannan matsala ɗan ƙaramin akwati ne da masu gyara a nan suke kira katawut. Aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne: ka yi masa magana da ƙaramar murya, shi kuma ya buɗe babbar ƙofa. Yana da ƙafafu huɗu masu lamba. Lamba 30 ita ke karɓar wuta kai tsaye daga kan batir mai alamar tarawa. Lamba 87 ita ke kai wutar ga fitilu. Lamba 85 da 86 kuwa su ne kunnuwansa, ta nan maɓallin da ke gaban direba yake ba shi umarni, kuma wutar da ke bi ta cikinsu ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Da haka wuta mai nauyi ba ta shiga ɗakin direba ko kaɗan, tafiyarta daga batir zuwa fitila ce ta gajeriyar hanya. Katawut mai ɗaukar amfiya 30 ko 40 ya isa fitilu biyu. Wanda ke da huɗu, ya sa katawut biyu.

Abu na biyu shi ne fiyus, kuma a kansa ne muka fi so masu karatu su tsaya. Mutane da yawa suna zaton fiyus fitila yake tsarewa. Waya yake tsarewa, ita da motar baki ɗaya. Batirin mota yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, shi ya sa yake iya juya inji. Idan wayar da ta fito daga batir ta goge ta taɓa ƙarfen mota babu fiyus a tsakani, cikin 'yan daƙiƙu za ta yi ja kamar garwashi. Don haka a sa fiyus dab da batir, kada nisan ya wuce taƙi ɗaya. Fiyus ɗin da aka kai can kusa da fitila ya bar duk tsawon wayar da ke bayansa ba tsaro. Girmansa ya ɗara abin da fitilu ke ja da kaɗan: ga amfiya 17, mai 20 ko 25 ya yi. In ya ƙone, magana yake yi maka cewa akwai ciwo a wani wuri. Masu cusa takardar kwalin taba ko guntun waya a gurbinsa, sun toshe bakin mai ba su labari ne kawai.

Sai ita kanta wayar. Ga fitilu biyu irin waɗanda muka ambata, mai kaurin milimita murabba'i 2.5 ita ce mafi ƙaranci, in kuwa hanyar da nisa, kamar zuwa rufin mota, a sa mai 4. Kada a yi aiki da wayar gini mai sanda ɗaya. Girgizar dagdag ta hanyoyin sahara takan karya ta a cikin robarta, ido bai gani ba. Mai silili da yawa ake so. A kasuwa kuma akwai wadda aka yi da alminiyam aka shafe ta da jan ƙarfe. A kankare ta da wuƙa, in ta nuna fari a ajiye wa mai ita, araha ba ta ado. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a nisanta ta da bututun hayaƙi da fanka, a ɗaure ta kada ta yi lilo. Wayar da ke komawa jikin mota a ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa. Sau da yawa fitilar da ke lumshewa lafiyarta lau, wannan mahaɗa ce ta saki.

Yanzu ga batun da ya shafi haƙƙin jama'a. Ya kamata umarnin katawut ya fito daga doguwar fitila, ya bi ta maɓalli, yadda kashshafa ba za ta kama ba sai an kunna doguwa, kuma da zarar direba ya sauko zuwa gajeriya saboda mota mai zuwa, sai ta mutu da kanta. A nan akwai abin lura ga masu Toyota. A yawancin Hilux da Land Cruiser, maɓallin kamfani ɓangaren da ke komawa jikin mota yake yankewa, ba ɓangaren da wuta ke shigowa ba. Mai gyaran da bai san haka ba zai haɗa yadda ya saba, sai fitilu su kama a lokacin da ya kamata su mutu. Ya gwada da fitilar gwaji tukuna, sannan ya ɗauki 85 da 86 daga wayoyi biyun da ke ciyar da doguwar fitila.

Wurin da aka kafa fitila ma yana da muhimmanci. Duk mazaunin Khartum ya san habub, guguwar ƙurar da ke turnuƙe gari gabanin damina. A cikin irin wannan ƙura, fitilar da ke kan rufi haskenta dawowa yake yi idon direba, sai ya ga farin bango kurum a gabansa. Wadda aka kafa ƙasa-ƙasa a gaba, musamman mai ruwan ɗorawa, ta fi nuna hanya. Kada kuma a jera fitilu su toshe iskar da ke shiga lagireto, zafin ƙasarmu ba ya ɗaga wa inji ƙafa. Haka nan dinamo yana da iyakar abin da yake bayarwa. In fitilu sun ci fiye da abin da ya rage, batir ne zai biya bashin, kuma wanda ya kwana a daji ya bar su kunne inji a kashe zai wayi gari yana neman masu turi inda babu kowa.

A cikin gari kuwa, kashshafa ba ta da aiki. A titin Sahafa Zalat akwai masu raksha, da masu keken jaki, da yara masu tsallakawa. Wanda ka dallare wa ido ya makance na ɗan lokaci, kuma a gabanka yake. Haka nan a shingen bincike, a kashe tun daga nesa, a kunna fitilar cikin mota. Bayan abin da ƙasar nan ta gani, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ta tunkaro da dare da haske kamar rana ba kowa ne zai yi mata kyakkyawan zato ba.

Shawararmu ga mai mota ita ce ya tsaya a kan aikinsa. Ya tabbata an cire kan batir mai alamar ragewa kafin a taɓa komai. Ya ce a nuna masa fiyus da katawut da idonsa. Bayan an gama, a bar fitilu kunne minti goma inji yana aiki, sannan ya taɓa wayoyin. In ya ji zafi, aikin bai kammala ba. Ya kuma riƙe fiyus biyu ko uku da katawut ɗaya a aljihun mota. Ga da yawa daga cikinmu, motar nan ita ce gonar, ita ce shagon, ita ce kuɗin makarantar yara, kuma kuɗin waɗannan ƙananan kaya bai kai na taya ɗaya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.