Narkar da Daskararren Kifi a Japan

A Japan ana cin ɗanyen kifi. Idan an yanka shi fale-fale an ci haka nan, sunansa sashimi. Idan an ɗora shi a kan dunƙulen shinkafa mai ɗan tsami, sushi ke nan. Kifin tuna da ake kamowa daga teku mai nisa, tun cikin jirgi ake daskarar da shi, a sanyin digiri 60 ƙasa da sifiri.

Daskarewa tana kashe tsutsar anisakis, wadda gishiri da tsami ba sa kashewa. Amma ƙwayoyin cuta kwanciya kawai suke yi. Da zarar kifin ya yi ɗumi sai su farfaɗo su hayayyafa, ga shi kuwa ba dafawa za a yi ba.

Shi ya sa ba a ajiye shi a fili ya narke. Akan tsoma shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi na minti ɗaya ko biyu, a goge, a naɗe da takarda mai tsotse ruwa, a sa a firji ya saki a hankali. Gaggawa takan sa ruwan jikinsa ya tsiyaye, tsokar ta yi salaf. Wanda ya riga ya narke ba a sake daskarar da shi.