Ko Kun Sani? Tashar Lantarkin da Wata ke Juyawa

Tun shekarar 1966 tashar lantarki ta La Rance da ke arewa maso yammacin Faransa take samar da wuta ba tare da ƙona ko ɗigon mai ba. Cikowar teku da janyewarta, wanda jan da wata ke yi wa ruwa ke haddasawa, shi ke juya injinanta 24 da ke cikin wata madatsa mai tsawon mita 750. A bakin kogin Rance ruwa kan tashi da kimanin mita 8, wani lokaci ya haura 13.

Tsadar duk tana wurin gini. Sai da aka tare ruwan teku, aka busar da wurin, aka yi shekaru ana zuba kankare, kuma an ɗauki kusan shekara 20 kafin tashar ta mayar da kuɗinta. Daga nan wutarta ta zama mai araha ƙwarai, ga titin mota a kan madatsar da ya haɗa garuruwan Saint-Malo da Dinard.

Sai dai ruwa ba ya gudu dare da rana. Ƙarfin tashar megawat 240 ne, amma abin da take bayarwa a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba, kuma laka ta taru a bayan madatsar. Jiran riba mai tsawo irin na La Rance shi ke korar masu zuba jari: a 2018 gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da wani aikin samar da wuta daga cikowar teku a Swansea na fam biliyan 1.3 saboda tsada.